Maɗacin Unguwar Gabas Ya Yi Ƙiba

Duk wanda ya taɓa hawa napep daga Samaru zuwa Sabon Gari ya san Jafaru, ko da kuwa bai nemi saninsa ba. Shi ne mai napep ɗin nan da aka rubuta wa SAI NI a baya da jan fenti. Kafin ka sauka ya riga ya gaya maka cewa shi ya koya wa rabin direbobin Zariya tuƙi, ya taɓa ta da jirgin ƙasa da sifana ɗaya, kuma likitoci kan kira shi a waya in ciwo ya gagare su. Mu 'yan Unguwar Gabas mun saba da shi. In ya fara, sai mu ce "haka ne," kowa ya ci gaba da abin da ke gabansa.

Abu ɗaya ne Jafaru ba ya ƙarya a kansa, shi ne asalin maɗacin bakin layinmu. Kakansa ne ya dasa shi tun yana aikin reluwe. Itace ne na gaske, mutum uku ba sa kewaye shi da hannu, inuwarsa kuwa har tsallaken titi. A gindinsa Mama Bukola ke tuyar ƙosai tun tana budurwa, nan dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, nan 'yan napep ke shan iska. Jafaru na son itacen nan har cikin ransa. In ka zagi napep ɗinsa zai yi dariya, amma ka ɗaure akuya a jikin maɗacin ka ga tashin hankali.

Sai dai filin ya daɗe da fita daga hannun gidansu. Na Alhaji Suhail ne, mai sayar da kayan gini, kuma Alhaji ya ce shaguna zai jera a wurin, itace ya tsare masa hanya.

Ana cikin wannan zullumi sai ga ƙungiyar sa-kai ta masu kula da itatuwa. Mutane ne 'yan kaɗan, ba albashi ba komai, sai hula kore da yawan haƙuri. Suna bin makarantu suna koya wa yara dashe, suna roƙon manya su daina sara. Shugabarsu Malama Nana Hafsat, tsohuwar hedimasta ce, irin wadda in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi a firamare. A shekarar nan suka shirya gasar Gwarzon Itace na Samaru da Sabon Gari. Wanda ya ci za a kafa masa allo, a kewaye shi da shinge, ƙungiya ta riƙa kula da shi. Bayan zagaye, itace biyu suka rage, wani tsohon rimi a Samaru da maɗacinmu.

Malama ta sami Alhaji a gindin itacen, gaban kowa, ta roƙe shi ya dakata.

Alhaji ya shafa gemu ya ce, "Malama, don darajarki. In ya ci gasa, na bar shi har abada. In bai ci ba, a ranar zan zo da mai zarto. Kada wani ya zo mini da magiya."

Dakta Bamidele, malamin jami'a da ke yi wa ƙungiyar awo, ya zagaya itacen da tef. Ya ce rimin ya fi tsawo, maɗacin ya fi faɗin inuwa, a kauri kuwa sun yi kusan kunnen doki. Ranar taro za a sake awo. Sannan za a duba yadda jama'a suka san itacen, da yadda suke darajanta shi.

Jafaru ya yi tsalle ya dire a tsakiyar taro. "An gama! Ku rubuta an ci. Ni fa na yi aikin gandun daji, turawa ma da ni suke shawara. Malama, a ba ni hula."

Mama Bukola ta juya ƙosai ta ce, "Wane daji, Jafaru? A gabana aka yi maka suna. Dajin da ka sani bai wuce bayan tasha ba."

"Mama, ba komai ake gaya wa mata ba."

"To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Malama ta ba shi hular, don ƙungiyar sa-kai ba ta korar mai son aiki. Ta ce, "Malam Jafaru, aikinka ɗaya. Ka riƙa gaya wa fasinjoji amfanin itace, su daina sara, su daina sassaƙa. Shi ke nan."

Amfanin itace kawai Jafaru ya ji. Sauran maganar ta bi iska.

Washegari ya ɗaura lasifika a kan napep. Tun daga Samaru har kasuwar Sabon Gari ba wanda bai ji shi ba. "Jama'a! Ku zo ku ga maɗacin Unguwar Gabas, uban itatuwan ƙasar Zazzau! Rimi me ya iya? Auduga kawai, ta shiga muku hanci! Maɗacinmu kuwa asibiti ne a tsaye!"

To, kowa ya san ana jiƙa ɓawon maɗaci a sha don ciwon ciki ko zazzaɓi, wannan ba sabon abu ba ne. Amma bakin Jafaru ba shi da birki. Ranar farko ya tsaya a ciwon ciki. Rana ta biyu ya ƙara basir da ciwon baya. Kafin mako ya zagayo maɗacin yana maganin minshari, yana tsirar da gashi a kan mai sanƙo, yana kuma sa mace ta daina mita.

Wata ɗaliba a Samaru ta tambaye shi, "Oga, yana maganin mantuwa? Jarrabawa muke shirin farawa."

"Mantuwa? Ƙanwata, ni da kike gani sau ɗaya na sha, har yau ina tuna ranar da aka haife ni. Talata ce, ana yayyafi."

Wayyo, jama'a! Ba a yi kwana nawa ba sai ga mutane kamar an yi shela a masallaci da coci. Ɗalibai da reza, masu sanƙo da adda, matan aure da wuƙar yanka kubewa, kowa na cewa ɗan kaɗan zai ɗiba. Shi kuwa Jafaru shi ke kawo su da napep ɗinsa, ya sauke su a bakin layi, ya juya ya ɗebo wasu, yana murna itace ya yi suna. Bai taɓa tsayawa ya ga abin da suke yi ba. Maɗacin ya koma ja-ja-wur daga gwiwar mutum har inda hannu ke kaiwa.

Ran da Malama Nana Hafsat ta zo dubawa, tare da Dakta ta zo. Dakta ya sa tef, ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Malama, itacen ya rame," in ji shi. "Rimi ya wuce shi yanzu. Kuma in suka gama zagaye ɓawon nan, ba maganar gasa ake ba, mutuwa zai yi. Ta ɓawo yake ci."

Daidai nan Jafaru ya iso da sabon lodi, masu sanƙo huɗu da wata tsohuwa riƙe da lauje. Ya sauko yana washe baki. "Malama, kin ga aiki? Har daga Kaduna ake tambayarsa!"

Mama Bukola ta nuna masa itacen da matsamin ƙosai. "Juya ka ga aikinka, sarkin daji. Garin neman ƙiba ka samo rama."

Jafaru ya juya. Wallahi sai da na ji tausayinsa, don fuskarsa ta canza, ya kai hannu ya shafa wurin da aka feɗe kamar mai duba ɗansa da ya faɗi. Amma tausayin bai daɗe ba, don bakin ya dawo aiki nan take. "Wannan ƙaramin abu ne. Ku ba ni kwana biyu, ko ƙuda ba zai ƙara sauka a jikinsa ba."

"Malam Jafaru," in ji Malama, "don girman Allah kada ka ƙara yin komai."

"Ba komai zan yi ba, Malama. Dabara ce kawai."

Da gari ya waye sai ga jan ƙyalle ɗaure a wani reshe, ga fasasshiyar ƙwarya a gindin itacen, ga gashin baƙar kaza an watsa. Lasifika kuma ta canza wa'azi. Yanzu cewa yake itacen yana da masu shi, tsofaffin aljanu ne tun zamanin reluwe, sun yi haƙuri sun gaji. Wai wani da ya sassaƙa ya wayi gari yana magana da harshen da ba wanda ya sani. Wai wani mai sanƙo gashin ya fito masa, amma a tafin hannu.

Dabara ta ci, ba ƙarya. Masu sassaƙa suka ɗauke ƙafa ɗif. Sai dai ba su kaɗai ba. Dattawa suka naɗe tabarminsu suka koma ƙofar masallaci. 'Yan napep suka gwammace su tsaya a rana. Yara masu zuwa makaranta suka riƙa zagayawa ta bayan layi. Waɗanda suka riga suka sha jiƙon kuwa, kowa ya fara jin wani abu na motsi a cikinsa. Wata mata ta dawo da ɓawon da ta ɗiba, ta ajiye daga nesa, ta ce a ba su haƙuri, ta ruga.

Mama Bukola ta wuni da ƙosai tuli a tire, ba mai saye. Da Jafaru ya zo wucewa ta tare napep ɗin da jikinta.

"Sauko. Shekara nawa nake a nan, aljani bai taɓa sayen ƙosai ba, bai taɓa hana a saya ba, sai da ka zo. Kuma ƙyallen nan ɗankwalin matarka Fatsuma ne, tare muka saye shi a kasuwa."

"Mama, yi a hankali, suna ji."

"Su ji mana! Ka ce su sauko su cinye ƙosan nan, ya huce."

Liman ya kira shi ya yi masa faɗa. Faston cocin bayan layi ya aiko a tambaya ko a zo a yi addu'a. Mafi muni, Alhaji Suhail ya zo da kansa, ransa a ɓace. "Wa zai kama shago kusa da itacen aljanu? Kun ɓata mini fili! Gobe zan sare shi."

Da ƙyar Malama ta tuna masa alkawari kaya ne. Ya ce to, zai jira ranar taro, amma ko minti ɗaya ba zai ƙara ba. Ita kuwa ta sa Jafaru ya kwance ƙyallen, ya kwashe ƙwaryar da gashin kazar a gabanta. Ta ce ya cire lasifikar ma. Ya cire, yana cewa dama ta fara ba shi ciwon kai.

Mai hankali da ya tsaya nan. Amma Jafaru ya kwana da maganar Dakta a ransa, itacen ya rame, rimi ya wuce shi. To in abu ya rame, me ake yi? Ai ƙiba ake sa shi.

Sai muka ga ya kewaye gindin maɗacin da zana, ya ce jinya ake yi, ba a son ido. Da yake har yanzu mutane na tsoron wurin, ba wanda ya leƙa. Napep ya daina ɗaukar fasinja, ya koma jigilar jar ƙasa da ciyawa da tsofaffin buhuna. Daga bayan zana sai ka ji ana cuɗa laka, ana nishi, ana waƙa. Mama Bukola ta ce masa, "Jinya kake ko gini?" Ya ce, "Mama, ilimin zamani ne, ba za ki gane ba."

A gida kuwa matarsa Fatsuma ta shanya katifa a tsakar gida ta shiga maƙwabta barka, ta dawo ba katifa.

"Baban Naila, ina katifata?"

"Wace katifa?"

"Katifa nawa gare mu?"

"Na kai a yi mata sabuwar riga. So nake in ba ki mamaki."

Fatsuma ta dube shi, ta dubi lakar da ke ƙafarsa har gwiwa. "Tun da na aure ka nake cikin mamaki. Allah ya sa wannan ya zama na ƙarshe."

Abin da ya yi, kamar yadda duk muka gani daga baya, shi ne ya naɗe gindin itacen da buhuna, ya cusa duk tarkacen da ya samu, ya lanƙwasa katifar ya zagaya da ita ya ɗaure da igiyar rijiya. Sannan ya bi da yaɓe, irin na katanga. Ya shafe da makuba don ya yi duhu, ya sa cokali mai yatsu ya zana masa tsage-tsage kamar ɓawo. Gaskiya a faɗe ta, daga nesa aikin ya yi kyau. Da gini ya kama tun farko da yanzu ya yi gida.

Ranar taro ta zo, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Da hantsi aka auna rimi a Samaru, sannan kowa ya ɗunguma zuwa Unguwar Gabas. Ga 'yan ƙungiya da korayen huluna, ga 'yan makaranta a jere da malamansu, ga mutanen Samaru sun zo ganin yadda za a kayar da mu. 'Yan unguwa ma da suka ga taro ya yi yawa sai tsoro ya ragu, suka matso. Alhaji Suhail ya sa babbar riga fara fat, an ajiye masa kujera a gaba. A bayansa ga wani ƙaton mutum, Iyke, mai yankan katako, wanda Alhaji ya ɗauko daga can wani gefen gari, ya ajiye injin zartonsa a ƙasa yana jira. Sama kuwa hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Jafaru ya yaye zana da hannu ɗaya kamar mai buɗe sabuwar mota. Taro ya ɗauki "Kai!"

Dakta Bamidele ya zagaya da tef, tef ya ƙare bai haɗu ba. Aka ƙara da igiya. Ya dubi Malama, Malama ta dubi Jafaru ta saman tabarau.

"Malam Jafaru," in ji Dakta, "itacen da ya yi shekara da shekaru yana girma a hankali, yaya aka yi ya yi wannan ƙiba cikin 'yan makonni?"

"Kiwo, Dakta. Sirrin kakana ne. Ku a jami'a ba a koya muku wannan ba."

"Kuma me ya sa daga ƙasa ya yi tulu, daga sama ya tsuke?"

"Haka ƙiba take. Dubi Alhaji mana, ai ta ciki take farawa."

Aka fashe da dariya, ban da Alhaji. Dakta ya sa yatsa ya danna jikin itacen. Wurin ya lotsa, ya dawo a hankali.

"Itacen nan laushi gare shi."

"Ƙoshin lafiya ne! Ku matsa ku gani." Jafaru ya ja da baya, ya rugo, ya yi wa itacen wata runguma, ya bubbuga shi da ƙirji. "Kun gani? Dutse ne!"

Sai yayyafi ya fara. Kafin a buɗe lema ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka cunkusa ƙarƙashin itacen don fakewa, kowa na kallon gindin. Makuba ta fara bin jiki tana zuba baƙi-baƙi. Tsagen cokali ya shafe. Wani ɓangaren yaɓe ya sulale ya faɗi tim, buhu ya leƙo, da tambarin kamfanin taki a jikinsa.

Wata 'yar makaranta ta ɗaga hannu. "Malama, itace yana da buhu a ciki?"

Jafaru ya juya baya ya manna jikinsa a wurin, ya baza hannuwa yana tare laka. "Saɓa yake yi! Kamar maciji! Alamar lafiya ce, ku tambayi Dakta!" Ya toshe nan, can ya zube. Ya ruga can, nan ya ɓalle. Ga kuma cinnaku da suka yi gida a cikin buhunan, ruwa ya taso su, suka sami ƙafar wando a buɗe. Jafaru ya shiga rawa ba kiɗa, hannu ɗaya na riƙe itace, ɗaya na dukan cinya, baki kuma bai daina bayani ba.

Nan igiyar rijiya ta ce ta gaji. Ta tsinke fat! Katifa ta miƙe da ƙarfinta, ta yi jifa da Jafaru cikin kwata, ta kwashi laka ta watsa wa babbar rigar Alhaji tun daga hula har takalmi, sannan ta kwanta shame-shame a gaban jama'a.

Sai muryar Fatsuma daga cikin mata: "La ilaha illallahu! Katifata! Wannan ce sabuwar rigar, Baban Naila?"

Ina ba ku labari, ban taɓa jin dariya irin ta ranar nan ba. Mutanen Samaru har da zama a ƙasa cikin ruwa. Mama Bukola ta riƙe ciki tana cewa a taimake ta. Malamai na tsawata wa yara su yi shiru, su ma suna ƙyalƙyalawa. Maɗacin kuwa ga shi nan tsaye yadda yake, a feɗe, a rame.

Da ruwa ya tsagaita Malama Nana Hafsat ta yi abin da ya zama dole. Ta ce rimin Samaru ne Gwarzon Itace na bana. Muryarta ba daɗi, don ta san abin da zai biyo baya.

Alhaji ya share laka daga gemu. "Iyke, ta da inji."

Dariya ta ɗauke. Jafaru ya fito daga kwata, hula ta tafi, takalmi ɗaya. Ya zo gaban Alhaji ya durƙusa. Karo na farko a rayuwarsa ba shi da labari. "Alhaji, ni na yi laifi, ba shi ba. Kakana ne ya dasa shi. Ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma ka bar shi." Hawaye yake yi na gaske.

"Na ce kada a zo mini da magiya. Iyke!"

Iyke ya ja igiyar inji, ya ɗauka da ƙara. Ya nufi itacen yana ture tarkacen da suka zubo da ƙafa. Sai ya tsaya cak. A cikin lakar ga jan ƙyalle, ga fasasshiyar ƙwarya, ga gashin baƙar kaza, don Jafaru bai zubar da su ba, cusa su ya yi a cikin ƙibar. Iyke ya kashe inji.

"Oga Alhaji, wannan fa?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Kayan masu itacen ne, ɗana. Aljanu."

Iyke ya ja da baya taku biyu. Alhaji ya daka tsawa, "Ƙarya ce! Wannan mahaukacin ne ya ƙirƙira. Jafaru, tashi ka gaya masa gaskiya, ga Liman nan tsaye!"

Jafaru ya dubi Liman, ya dubi itacen. A gaban Liman ba damar ƙarya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu aljanu. Ni na ɗaura ƙyallen. Ɗankwalin matata ne."

"Ka ji ko?" in ji Alhaji. "Sare!"

Iyke ya ƙura wa Jafaru ido. "Tsaya. Ba kai ne mai SAI NI ba? Ba kai ka ce itacen nan yana tsirar da gashi ba?" Ya cire hularsa. Kai ƙwal, yana ƙyalli. "Ƙanena ya kawo mini, mako biyu ina sha, ɗaci kamar zan mutu. Ina gashin?"

"To ai..."

"Ka ce asibiti ne, ƙarya. Ka ce kiwo ka yi masa, katifa. Ka ce saɓa yake yi, buhu. Oga Alhaji, mutumin nan tun da nake bai taɓa faɗin gaskiya ba. Yanzu ya ce babu aljanu." Ya saɓa injinsa a kafaɗa. "To akwai ke nan. Abeg, ina da yara ƙanana."

"Wallahi babu!" in ji Jafaru.

"Kun ji? Har da rantsuwa. Suna da yawa ke nan." Iyke ya keta taro ya yi gaba, ko waiwaye babu.

Alhaji ya yi ta kira, ina! Ya juyo ya dubi Jafaru, laka na ɗiga daga gemunsa, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da tari. A makon nan ya nemi masu zarto har uku, kowanne da ya ji cewa Jafaru ne da bakinsa ya ce babu komai a itacen, sai ya ce yana da wani aiki. Daga ƙarshe Alhaji ya kira Malama ya ce ta zo ta kafa shingenta, shaguna ya ja su baya, ya gaji.

Dakta ya duba ya ce akwai sauran ɓawo a ɓangaren katanga, inda wuƙa ba ta kai ba, in an bar shi zai warke a hankali. Dattawa suka dawo da tabarminsu, ƙosai ya koma ƙarewa kafin hantsi. Fatsuma ta wanke katifa, ta ce ita kaɗai za ta kwanta a kai sai abin da hali ya yi.

Malama ba ta karɓe hular ƙungiya ba, sabuwa ma ta ba Jafaru. Amma ta yanke masa aiki. Duk ranar Asabar ana kawo 'yan makaranta gindin maɗacin, Jafaru ya tsaya ya nuna musu tabon, ya gaya musu da bakinsa yadda aka yi, don kada su yi irinsa. Mun ɗauka kunya za ta kashe shi. Asabar ɗin farko na je na tsaya daga gefe. Na same shi ya gyara hula, ya dafa itacen, ƙirji a gaba.

"Yara, ku buɗe kunne. Manyan masana sun yi rubutu a kan yadda ake ɓata itace, amma duk a takarda suka tsaya. Duk ƙasar Zazzau, ku nuna mini wanda ya kai ni iyawa!"

Mama Bukola ta tsame ƙosai daga mai, ta ce, "Wannan kam, yara, ku yarda da shi. Gaskiya ya faɗa."